Ni Ce Na Yi Tafinta Ranar da Baba Ya Rasu

Warin ɗanyar albasa da rana ta gasa, haɗe da warin maganin da ake wanke daɓen asibiti. Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Garba, amma duk lokacin da na tuna ranar, wannan warin ne yake riga fuskarsa isowa. Har yanzu idan bazara ta kama, motocin albasa suka fara fitowa daga Bakolori suna ratsa Talatar Mafara, nakan rufe tagar ajin da nake koyarwa. Ɗalibaina suna zaton ƙura nake gudu.

Baba manomi ne. Da damina shinkafa, da rani albasa, a wata gona da ke bakin magudanar ruwa, wadda ya fi sanin halinta fiye da yadda ya san halin wasu daga cikin danginsa. Bai yi boko ba, amma ya ɗauki karatuna kamar wata shuka ta uku da yake bi da ban-ruwa. Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai "Uwata". Yayansa, Baffa Sani na Maradun, shi kuma "Uwarmu" yake ce mini. Idan Baba ya sayo taki ko maganin feshi, sai ya ajiye buhun a tsakar gida ya ce in karanta masa abin da aka rubuta da Turanci. Sau da yawa ya riga ya san yadda ake amfani da shi. So yake kawai ya ji harshen yana fita daga bakina. Yakan kishingiɗa yana murmushi, in na gama ya ce wa Inna, "Kin ji ko? Ko Baturen da yar rubuta shi bai kai ta iya hwaɗi ba."

Kowace shekara idan wannan rana ta zagayo, nakan zauna in rubuta wani abu game da shi a littafina in rufe. Yabo ne duka, kuma gaskiya ne duka. Bana na ga ya kamata in rubuta abin da nake tsallakewa, in kuma bari a karanta. An ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ni kuwa na daɗe ina ɗaga ranar wankan.

Talata ce, ranar kasuwar garinmu. Ina gida hutu daga kwaleji, shekarata ashirin. Inna ta tafi suna Bakura tun da safe. Bayan azahar aka zo aka ce Baba ya dafe ƙirji ya faɗi a gona ana cikin ɗurin albasa, an ɗora shi a bayan a-kori-kura an nufo asibiti. Na tarar da motar a bakin kasuwa, ta kasa gaba ta kasa baya. Amalanke ta gitta, babura sun cika ko'ina, wani yana jan raƙumi, direba yana ta danna oda ba mai ji. Na hau bayan motar na ɗora kan Baba a cinyata. Yana kwance a kan buhunan albasarsa, gumi yana tsattsafo masa, yana jan numfashi kamar mai jawo guga daga rijiya mai zurfi. Ina hango rufin asibitin daga inda muke. A nan Baffa Sani, wanda ya zo cin kasuwa, ya riske mu. Shi ne ya sauka ya shiga gaban motar da sandarsa yana buɗe hanya, dattijo mai furfura yana roƙon yara su janye baburansu.

Ba zan faɗi sunan asibitin ba, domin ba wanda ya yi mana laifi a cikinsa. Likitan da muka samu matashi ne ɗan bautar ƙasa daga Kudu, wanda Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Akwai nas guda, Bahaushiya, ita take fassara masa. Ko minti biyar ba a yi da kwantar da Baba ba numfashinsa ya ɗauke. Likitan ya yage masa riga, ya haɗa tafukansa a tsakiyar ƙirjinsa, ya shiga dannawa da dukkan nauyin jikinsa, nas tana matsa wata jakar roba da ta kifa masa a hanci da baki. Ban taɓa ganin haka ba. A wurinmu ƙirjin uba wuri ne da ko jingina ba a yi da shi bayan an girma. Gadon ƙarfen yana kuka da kowace dannawa. Can na ji wani ƙas, kamar an taka busasshen kara. Baffa ya runtse ido ya juya fuskarsa bango.

Sai ga shi zuciyar ta dawo. Likitan ya ɗora yatsu a wuyan Baba, ya ɗaga kai, ya ce wa nas ta yi maza ta kawo tulun oksijin daga wani ɗaki. Ta fita da gudu. Muka rage mu huɗu: Baba a kwance bai san inda yake ba, likita yana haki, Baffa, da ni. Likitan ya dube ni ya tambaya ko ina jin Turanci. Na ce ina ji. Ya ce in gaya wa dattijon nan abin da zai faɗa, kalma da kalma.

Ya ce zuciyar ta tashi amma ba ta da ƙarfi, kuma yana ganin za ta sake tsayawa nan ba da jimawa ba. Ya ce haƙarƙari ya riga ya karye, kuma ba su da na'urar da ke iya taimakawa a irin wannan hali. Ya ce idan ta sake tsayawa zai iya sake dannawa, amma ba zai ɓoye mana ba, da wuya a ci nasara. Zai kuma iya barin mu da shi. Ya ce mu ne danginsa, mu muka san abin da zai so.

Na fassara wa Baffa duka, ban rage komai ba. Ya dubi ƙanensa. Sannan ya ce, a hankali, "Uwarmu, ki ce mishi Allah ya saka da alheri, ya yi iya yinshi. In ta sake tsayawa ya bar muna shi. Mu juya shi gabas, mu laƙanta mishi kalma. Wanga ba lokacin wahal da shi ba ne."

Na juya wurin likitan. Har yau ina iya jin yadda harshena ya yi nauyi, da yadda ya saki bayan nan. Na ce da Turancin nan da Baba yake alfahari da shi, "Ya ce ka ci gaba. Ya ce ka yi duk abin da za ka iya, kada ka tsaya."

Likitan ya gyaɗa kai, ya amsa mini a gajarce. Baffa ya dube ni ya ce, "Mi yac ce?" Na ce, "Ya ce dokar aikinsu ba ta yarda ya bari ba." Ƙarya biyu ke nan a cikin numfashi guda, ɗaya na miƙa dama, ɗaya hagu, ni kuma ina tsaye a tsakiya. Baffa ya ce, "To." Ya sunkuya zai kai bakinsa kunnen Baba, sai likitan ya yi magana da ƙarfi, nas ta shigo tana jan tulun, aka ce mu fita. Aka turo ƙofa.

Ban san tsawon lokacin da muka yi a barandar nan ba. Na san dai an kira la'asar muna tsaye, kuma gadon bai daina kuka ba har aka gama kiran. Ƙofar ba a kulle take ba. Taku uku ne tsakanina da ita. Da na tura ta na ce a tsaya, da an tsaya. Amma in na shiga, sai na faɗi abin da na yi a gaban Baffa, kuma sai ya zama da bakina na ce a bar Baba ya tafi. In na tsaya a waje, ana can ana karya shi saboda maganata. Gaba damisa, baya siyaki. Na tsaya. Baffa yana gefena yana jan casbaha, leɓɓansa suna motsi. Da gadon ya yi shiru, ba wanda ya buƙaci a yi masa fassara.

Haka Baba ya cika: fuskarsa tana kallon silin, hannun baƙo a ƙirjinsa, ba ɗan'uwa a kusa da kunnensa. Mutumin da ya zauna a kan gargarar mutane da yawa a unguwarmu, wanda ake aikowa a kira domin muryarsa tana da sanyi, shi bai samu mai yi masa ba.

Wanda ya san zaman makoki a ƙasarmu ya san tambayar da ake yi bayan an gama gaisuwa da addu'a. Ana rage murya a ce, "An dai samu ya cika da kalma ko?" Kwana uku ina jin ta daga bakin mata, ɗaya bayan ɗaya. Inna, wadda ta iso daga Bakura bayan an gama komai, ita take amsawa, "Ba su bari ba. Likita ya kore su waje." Sai a yi salati, a ce waɗannan 'yan boko ba su san darajar mai mutuwa ba, a ce yaron bai da imani, a ce da a gida ne da ba haka ba. Ina zaune a ƙuryar ɗaki da hijabina ina ji ana yanka naman mutumin da ya tambaye mu cikin ladabi, ya kuma yi daidai abin da aka ce masa an zaɓa. Ban buɗe baki ba. Ya gama bautar ƙasarsa ya koma garinsu, ban san sunansa ba, shi ma bai san ana zaginsa a wani gida a Mafara ba. Idan wannan rubutu ya taɓa isa inda yake, ko wani ya fassara masa, ina roƙon ya yafe mini.

Magana zarar bunu ce. Na yi shekaru ina zagaya wannan ɗakin a cikin kaina, ina neman ƙofar fita. Wani lokaci ina ce wa kaina ƙauna ce ta sa, wace 'ya ce za ta fassara hukuncin barin ubanta? Wani lokaci kuma ina ganin son kai ne tsantsa, domin ba Baba na duba ba, kaina na duba, ni da ban shirya zama marainiya ba. Na taɓa tambayar wani malami, na ce wata ƙawata ce abin ya faru da ita. Ya ce neman magani halal ne, ajali kuma ba ya gaba ba ya baya, kuma wanda ya rayu a kan kalma ana kyautata masa zato ko da ba a ji ta daga bakinsa a ƙarshe ba. Na ji sanyi na kwana biyu. Sannan na tuna ban gaya masa batun ƙaryar ba. Na kuma tambayi wata abokiyar karatuna da ta zama likita. Ta ce a yanayin da na kwatanta, da wuya dannawa ta biyu ta canza wani abu, amma ba wanda zai iya rantsuwa. Wannan "amma" ɗin ita ta hana ni yanke wa kaina hukunci, ita kuma ta hana ni wanke kaina.

Abin da ya fi yi mini nauyi shi ne ban san abin da Baba da kansa zai zaɓa ba. Ba mu taɓa tambayarsa ba. A gidajenmu ana maganar mutuwa kullum, ana cewa rigar kowa ce, ana sayen likkafani a ajiye, ana faɗin inda ake so a binne mutum. Amma ba a maganar ɗan tsakanin nan, lokacin da rai yake bakin ƙofa, likita yana riƙe da gefen rigarsa. Iyayenmu sun gaji yadda ake rakiyar mai tafiya, ba su gaji yadda ake amsa tambayar likita ba, domin a zamanin kakanninsu ba mai yin ta. Baba mutum ne mai tawakkali, wanda idan ƙanƙara ta kashe masa shuka sai ya ce Mai bayarwa ya karɓa. Shi ne kuma mutumin da na gani ya kwashe yini guda yana tallafar shinkafar da iska ta kwantar, yana ɗaure ta dami-dami, bayan maƙwabtansa sun ce ya haƙura. Wanne daga cikin biyun ne yake kwance a gadon nan? Baffa ya amsa da sunan na farko, ni na amsa da sunan na biyu. Bambancin shi ne Baffa ya faɗi tasa a fili, ni na saci hanya.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da zai leƙo yau. Gonar tana nan, ƙanena yake nomawa, amma akwai lokutan da ba a zuwa sai an tambayi labarin hanya. Tafiyar Maradun da Baba yake yi a kan keke don kawai ya gaida yayansa ta zama abin da ake shawara a kai kafin a yi. Mutane suna zaune a garuruwansu kamar kaji a akurki, kowa yana sauraron abin da zai faɗo. Na san zai yi baƙin cikin wannan. Na kuma san zai tambayi farashin taki ya riƙe baki. Zai ji daɗi ya tarar ina koyar da Turanci a makarantar 'yan mata, zai so ya tsaya a bayan taga ya saurara. Abin da ban sani ba shi ne yadda zai dube ni idan ya ji abin da na yi da harshen da ya noma albasa ya saya mini. Wata rana ina ganin zai ɓata rai. Wata rana kuma ina jin kamar zai yi dariyar nan tasa ya ce, "Uwata, ashe ke ma kina da taurin kai awa tsohuwa."

Ba ni da ilmin da zan koya wa likitoci aikinsu. Abin da na gani kawai zan faɗa. Na ga cewa bai kamata a ɗora wa ɗan mai jinya fassara a irin wannan lokaci ba, domin wanda zuciyarsa take cikin magana ba zai iya zama gada ba. Na kuma ga cewa ba lallai ne a zaɓi tsakanin hannun likita da bakin ɗan'uwa ba. Gadon yana da gefe biyu, yana da wajen kai. Da an bar Baffa ya tsuguna a wajen kan, yana faɗin kalmar a kunnen ƙanensa yayin da likita yake aikinsa, da ba a tauye kowa ba. Abokiyata ta ce akwai wuraren da ake barin haka yanzu, idan dangi sun natsu. Ga mu kuma da muke da iyaye a raye, tambayar abin da za su so a irin wannan lokaci tana da nauyi a baki, amma ta fi sauƙi a tsakar gida bayan an ci tuwo fiye da a barandar asibiti. Na yi wa Inna ita bara. Ta ce ba a yi wa mutum fatan tsiya. Bayan kwana biyu, tana tsince shinkafa, ba tare da ta dube ni ba, ta ba ni amsarta. Na riƙe.

Da wannan rubutun zai fita, na zaunar da ita na gaya mata komai. Abin da ta ce kawai shi ne, "Yaron nan da munka zaga, Allah ya yahe muna." Ba ta ce ta yafe mini ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Da dare ya yi ta aiko mini da fura.

Me ya rage na Baba bayan shekara bakwai? Mangwaron da ya dasa a bakin gona ya fara 'ya'ya. Akwai tsofaffi a unguwa da har yau idan wani ya kwanta ciwon ajali sukan ce, da Malam Garba yana nan. Akwai yadda ƙanena yake tsugunawa ya murza ƙasa a tafinsa kafin ya saki ruwa, ba tare da ya san kwaikwayo yake yi ba. Akwai ni, da harshe biyu a bakina, ina koya wa yara mata su faɗi abin da aka ce, ba abin da suke so a ce an ce ba. Na yarda yanzu cewa ba a auna shekara hamsin da wani abu na mutum da rabin sa'ar ƙarshe. Kalmar da ban bari aka sa masa a kunne ba, ya riga ya shuka ta a ko'ina ya bi. Wannan ya rage mini tsoro a kansa. Bai rage mini nauyin abin da na yi ba.

Baffa Sani ya rasu bara da damina, a ɗakinsa a Maradun, 'ya'yansa suna kewaye da shi. Shekara shida ya yi yana riƙe da mu bayan Baba. Duk kaka sai ya aiko mana da shinkafa, duk sallah sai ya zo, ya zauna a inda Baba yake zama, ya ce, "Uwarmu, ya karatu?" Sau da yawa na shirya in durƙusa in faɗa masa, sai in ga furfurarsa in fasa. Na bar shi ya tafi a kan cewa likita ne ya ƙi jin maganarsa. Haka na ɗauka.

Bayan an yi arba'in na je gaida matarsa, Gwaggo Asabe. Na tarar tana fitar da kayan wata tsohuwar akwatin ƙarfe. A ciki akwai hoto da ya koɗe: wani saurayi siriri da gajeren wando da takarda a hannu, tsaye tsakanin Turawa biyu masu hular kwano da wasu dattawa masu rawani. Na tambaye ta ko wane ne.

Ta ce, "Baffanki mana. Lokacin aikin dam ɗin Bakolori, tun uwarki ba ta yi wayo ba."

Na ce ban san ya yi aiki a wurin ba. Lebura ne?

Ta ce, "Wane lebura? Shi ka shiga tsakaninsu da masu gonaki. Bature ya hwaɗi, shi ya juya ma mutane. Da ruwa ya ci gonakin, sai yac ce bakinshi ne ya kai saƙon, ya hana a ƙara tada zancen, ko a gida. Amma Turanci kam, har ya koma ga Allah in an sa labaru a rediyo ba ya jiran na Hausa."

Shekara huɗu Baffa ya yi yana tafinta.